Ƙwayar yashi tsakuwa ce a jikin ƙaramar tanka

Ƙannena da kuka fara haɗa ƙananan motocin yaƙi na roba, ku riƙe lissafi ɗaya kafin buroshi ya taɓa fenti. In kwali ya ce 1/35, duk abin da ka ɗora a jikin samfurin ka ninka shi sau 35. Ƙwayar yashi mai milimita 1 ta zama tsakuwa mai santimita 3 da rabi. Karce mai faɗin milimita 2 ya kai santimita 7, ya kusa tafin hannu. In kuwa 1/72 ne, abin ya ninku. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa ma'aunin 1/35 tun daga tankar Panther da ya fitar a farkon shekarun 1960, kuma yawancin ɓarnar da na yi a shekarun farko, rashin wannan lissafin ne ya jawo ta.

Tankata ta farko T-34 ce ta Rasha. Fentin sana'ar ba a samunsa a Babbar Kasuwar Maraɗi, sai dai saƙo daga Yamai ko Kano, ni kuma ba ni da haƙurin jira. Na je wurin masu fentin mota, aka sam mini kore da tina. Na laɓta shi sau ɗaya, mai kauri, wai don ya rufe. Ya rufe ɗin kuwa: ya rufe kawunan noti, ya rufe layin walda, ya cike ragar inji da ke baya. Tinar kuma ta ci robar, jikin ya yi yaushi ya yamutse. Robar waɗannan kaya ba ta jure tinar mota. Ku nemi fentin ruwa, irin na kamfanin Vallejo, ko ma akirilik na masu zane in shi ne a hannu. A sirka shi ya yi ruwa-ruwa kamar madara, a shafa sau biyu ko uku, kowane shafe ya bushe sarai kafin na gaba. Shafen farko zai fito da muni, ana hango robar ta ƙasa. Haka ake so, kada ka ƙara. Kuma tun kafin haɗi a wanke sassan da ruwan sabulu, saboda maiƙon masana'anta da na yatsu yana hana fenti kamawa.

Littattafan Turawa ba su san yanayinmu ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40, fentin ruwa a bakin buroshi yake bushewa kafin ya isa jikin tanka. Ni yanzu bayan asuba nake aiki, ko da dare in akwai wuta. Ina sa jiƙaƙƙen soso a murfin roba, in shimfiɗa takarda mai santsi irin ta gashin kek, in ɗiga fentin a kanta, sai ya jima bai daskare ba. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Ka gama shafe, ka kife bokiti a kai nan take, kuma fanka a kashe.

Batun launi ba na tsananta shi yadda wasu ke yi. Amma kada a haɗa zamanin da bai haɗu ba. Tankokin Jamus launin toka mai duhu suke a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, sai a Fabrairun 1943 aka mai da rawaya mai duhu launin kowa. Na Amurka kore ne mai ja da ƙasa-ƙasa. Ɗigon fari ko ruwan ƙasa a cikin launin yana taimakawa, domin ƙaramin abu ya fi nuna duhu a ido.

Inda na fi shan kunya shi ne wajen tsufar da mota. Na ɗebo yashin Gulbi, na kwaɓa da gam, na manna wa sarƙoƙin tanka da gefenta. Wani dattijo tsohon direba ya juya ta a hannu ya ce, "Yaro, wannan motar taka ginin dutse ta rusa?" Lissafin nan ne dai. Ƙurar da ta dace da 1/35 sai wadda ta yi laushin gari: ka kankare allin zane mai launi da reza, ko ka daka busasshiyar ƙasa ka tankaɗe ta da ƙyallen ɗankwali. A ɗora da busasshen buroshi, a ɗiga ruwa kaɗan ya zaunar da ita.

Sai tsatsa. Hotunan intanet sun ruɗe ni, na riƙa zuba ja-ja a ko'ina. Motar da ke bakin aiki a busasshiyar ƙasa ba ta tsatsa haka, sai bakin salansa da wuraren da zafi ya ƙone fenti. Motar ɗaukar sojoji ta Amurka M113 ma jikinta alminiyom ne, ina tsatsa za ta fito? Mu nan muna da abin da mai zama Faransa ko Ingila ba shi da shi. Je tasha ka tsaya gaban Land Cruiser da ta fito daga hanyar Dakoro. Dubi inda ƙura ke kwanciya: ƙasa-ƙasa, bayan taya, cikin lungu, gindin gilashi. Dubi inda fenti ya goge: mariƙin ƙofa, matakala, gefen bodi inda ake jan kaya. Rufin ya koɗe saboda rana, gefe bai kai shi ba. Kusa da bakin tanki akwai duhun mai da ƙura ta manne masa. Wannan ita ce makarantar mai son yin motocin Sahara, ko na Jamusawan da suka sauka Libiya a 1941 da fentinsu na toka har suka riƙa shafa musu taɓo, ko Toyotocin yaƙin Chadi da Libiya na 1987. Motar farar hula nake nufi ka je ka duba fa. Kada ɗayanku ya zaro waya gaban motar soja ko ƙofar bariki da sunan nazari, ba za a saurari bayanin 1/35 ba.

Karce kuwa, yagi ɗan soso, ka tsoma a fenti ruwan ƙasa mai duhu, ka goge a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ka ɗan daddana a gefuna. In kana iya hango shi daga ƙofar ɗaki, ya yi yawa. Haƙoran sarƙa da bakin ƙarfen da ke guga, fensir na makaranta ya isa ya ba su ƙyallin ƙarfe.

Tambura da lambobin da ake jiƙawa a ruwa, kada a manna su a kan fenti marar ƙyalli. Iska tana maƙalewa a ƙasa, gefen ya yi fari-fari, kuma gyaransa da wuya. A fara shafa ruwan ƙyalli marar launi a wurin, a manna, a matse ruwan da auduga, a bar shi ya kwana. Washegari a bi da marar ƙyalli, sannan ƙurar ta hau kan tambarin yadda ta hau sauran jiki.