Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a hanyar Tsafe

Alhamdulillahi, mun dawo gida, kowa da ƙafarsa, motar ma da kanta ta shigo gari. Tun jiya nake son rubuta wannan, barci yana kayar da ni da waya a hannu. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba ku yi haƙuri, caji ne ya ƙare, da ya samu kuma bakina ya riga ya mutu. Labarin yadda motata ta lalace da fasinjoji a hanya kun ji shi tun a daren, ba sai na maimaita ba.

Duk wanda ya san hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san ma'anar mota ta tsaya tsakanin Yankara da Tsafe rana tana shirin faɗuwa. Ga mata 'yan kai amarya cike da mota, ga masu goyo, ga allurar zafi ta kwanta a kan ja, tururi yana tasowa ta ƙarƙashin kujerar gaba, don tsohuwar Hiyas a nan injinta yake. Motoci suna ta wucewa a guje, kuma ban ga laifin kowa ba, a wurin nan ba a tsayawa. Abin da har yanzu nake ji a kunnena shi ne yadda matan nan suka yi tsit gaba ɗaya, aka bar wata tsohuwa ita kaɗai tana maimaita hasbunallahu.

Bawan Allahn da ya tsaya, direban wata babbar mota ce mai ɗauke da buhunan masara. Ya iso daidai lokacin da yaron motata ya ɗaga kujera ya kai hannu zai kwance murfin lagireto. Wallahi kafin in buɗe baki ya damƙe masa wuyan hannu. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna masa tabon ƙuna tun daga gwiwar hannu, ya ce, "Ƙanena, wannan murfin ne ya yi min haka." Ya ɗaura mana igiya ya ja mu har Tsafe, ya ƙi karɓar ko kuɗin ruwa. Ko sunansa ban tambaya ba don ruɗewa. Allah Ya tsare gabansa da bayansa, Ya tsaya masa ranar da babu mai tsayawa wani.

Hajiyar da ta buɗe wa matanmu gidanta, ta tashi 'ya'yanta suka ɗora tukunya cikin dare, Allah Ya buɗe miki ƙofar Aljanna. 'Yan ƙungiyar direbobi na tasha da suka kwana tare da mu a gindin mota, Allah Ya bar zumunci.

Sai Baba mai lagireto. Ya ce kada in ambace shi, to ban faɗi suna ba, amma direbobin hanyar sun san wanda nake nufi. Kafin ya zo da safe, duk wanda ya leƙa motar hukunci ɗaya yake yankewa: gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, sai an sauke kan inji. Ni kuwa ina ta lissafin kuɗin da ba ni da su. Baba ya zo ya aje butarsa, bai taɓa sifana ba, ya ce, "Ɗana, faɗa min yadda allurar take yi." Na ce idan ina gudu tana zama a tsakiya, da na rage a shingen jami'an tsaro ko na shiga ramuka sai ta fara hawa, daga baya ne ta hau ta ƙi saukowa. Ya gyaɗa kai ya ce wanda ke zafi a tsaye ya huce a guje, iska ce ba ta isarsa.

Duk da haka ta gasket ɗin ya fara kawarwa, don hankalina ya kwanta. Ya zaro sandar baƙin mai ya nuna min: baƙi ne wuluk, da ruwa ya shiga da ya koma kamar shayi mai madara. Ya cika lagireto, ya sa na tayar da inji murfi a buɗe, ya tsura wa ruwan ido, babu kumfa ko ɗaya da ke tasowa. Salansa ma ba farin hayaƙi. Ya ce, "Injinka lafiya lau, ka gode wa Allah ka kashe shi da wuri." A nan ne ƙafafuna suka saki, na zauna a kan taya.

Ya ce wani lokaci allurar ce ke ƙarya idan wayarta ta lalace, amma ruwan da ya tafasa a gaban mutane ba ya buƙatar shaida. Da inji ya ɗau zafi ya sa na kashe, ya tura fanka da yatsa ɗaya, ta yi ta juyawa sakaka. Kulocinta ya mutu, juyi kawai take ba ta jan iska. Ya bi fuskar lagireto da tafin hannu, nan zafi, can sanyi ƙalau, alamar hanyoyin ruwan sun toshe. Da aka fasa aka wanke, tsatsa da laka ne suka yi ta zuba, aikin ruwan rijiya da na rafi da ake ɗura wa motar nan tun kafin ta zo hannuna. Murfin ma robarsa ta tsage. Ya nuna min 0.9 da aka buga a kansa, ya ce matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100, idan ya saki to ko lafiyayyen inji sai ya amayar da ruwa a zafin bazara.

Wani matashin bakanike ya ce a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya ɗau zafi, a yar, kamar yadda aka saba. Baba ya ƙi. Ya kai tamostat ɗin wurin mai shayi, ya roƙi ruwan zafi a gwangwani ya jefa shi ciki ya ɗora a wuta, muna kallo tamostat ɗin ya buɗe bakinsa tun ruwan bai tafasa ba, daidai da digiri 82 da ke rubuce a jikinsa. Ya goge ya mayar. Kuɗin da ya yanka min kuwa, kunyar faɗinsa nake. Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya shirya maka zuriya, Ya jiƙan iyayenka, Ya sa hannun nan naka ya shaide ka da alheri.

Maƙwabta da suka zauna da maiɗakina har asuba, da abokan da suka turo abin da ya sawwaƙa ba tare da na roƙa ba, na gani, Allah Ya gani. Akwai kuma na jiki da wayarsu ta shigo sau ɗaya tak, don jin ko kayan amarya sun isa lafiya. Sun isa, ko faranti bai fashe ba. Allah Ya bar mu tare.

Fasinjojina na ranar kasuwa, wannan makon ku bi wata motar. Akwai tiyon ƙasa na lagireto da Baba ya ce ya yi laushi, sai na canza shi zan sake ɗaukar rai.