Kamfani Don Wa Aka Kafa Shi?

Jiya a wajen wata lacca a nan Jos, wani malamin shari'a ya jefo mana tambaya: shin don masu hannun jari kaɗai ake kafa kamfani? Tun 1970 masanin tattalin arzikin Amurka Milton Friedman ya dage cewa aikin kamfani shi ne ƙara riba, muddin bai karya doka ba. Har yau masana shari'a na kai ruwa rana a kai.

Ni dai hankalina ya koma kududdufan kuza na Bukuru da Barikin Ladi. Kamfanonin Turawa sun haƙa, sun kwashe, sun raba riba a Landan. Mu aka bar wa ramuka cike da koren ruwa, bakinsu na zaftarewa, yara na nutsewa idan sun je wanka. Wannan asarar ba ta taɓa shiga lissafinsu ba.

Shi ya sa na ji sanyi da malamin ya karanto sashe na 305 na dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2020. Ta wajabta wa daraktoci duba tasirin aikin kamfani a kan muhallin al'umma, da kula da maslahar ma'aikata. Sai dai kash, kamfanin ne sashen ya ba ikon tuhumar darakta, ba manomin da gonarsa ta lalace ba. Wannan giɓi ya dame ni ƙwarai. Lauyoyinmu, don Allah ku matsa wa Majalisar Tarayya ta gyara shi.