Tazarar bugun zuciya da cin da ba a iya tsayarwa

Aikina a sashen zuciya na wani asibiti a Jidda shi ne ɗaura wa marasa lafiya na'urar Holta, mai naɗar bugun zuciya na awa 24. Da yake ina jin Hausa, ni ake kira idan dattawanmu sun zo, musamman mata.

A nan na gane cewa lafiyayyar zuciya ba ta tafiya daidai wa daida kamar agogo. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu takan ɗan sauya: in ka ja numfashi zuciya ta ƙara sauri, in ka sake shi ta lafa. Akasarin wannan aikin wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, ta ratsa ƙirji har ciki, ita ke natsar da jiki. Tun 1987 bincike ya nuna cewa cikin waɗanda jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa, masu ƙarancin wannan sauyi sun fi shiga haɗarin mutuwa. Tsufa yana rage shi, haka ciwon suga da taba da rashin barci da ƙiba.

Sai dai na'ura lamba kawai take bayarwa. Akwai matan da za ka ga hawan jini da suga sun haɗu musu, ƙiba na ƙaruwa, an yi ta ce musu su rage ci, ba a taɓa tambayarsu yadda suke cin ba. Wasunsu larura ce da su, wadda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ware mata suna a kundinsu a 2013: mutum ya ci abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, yana ji ba zai iya tsayawa ba, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku. Yakan ci da sauri, ba don yunwa ba, a ɓoye, bayan nan baƙin ciki ya rufe shi. A gida kuwa ana yi masa tsiya da haɗama, abin da ke ci min rai ƙwarai, domin tsiyar ce ke ƙara sa shi ɓoyewa.

Shi ya sa yanzu, ina manna wayoyin a ƙirji, nakan sassauta murya in ce, "Hajiya, akwai lokacin da kike fara ci ki kasa dainawa, ko da kin ƙoshi?" Wata ta yi shiru. Wata ta ce, "'Yar nan, wa ya faɗa miki?" Daga nan ake jin sauran: wuni ba ta sa komai a baki saboda likita ya ce ta rage, dare na yi ta zauna gaban ragowar kabsa, wato dafa-dukan shinkafa da nama irin na Saudiyya, ita kaɗai har tukunya ta ƙare. Wunin yunwar nan shi ke kiran cin daren. Masu jinyar larurar da tsara lokutan cin abinci suke farawa, tare da zaman tattaunawa da ƙwararre, kafin a zo batun rage ƙiba.

Dole kuma likitan zuciya ya sani. Maganin da Amurka ta amince da shi don wannan larura a 2015 yana iya ɗaga bugun zuciya da hawan jini, don haka duk wadda ta buɗe min cikinta, nakan nemi izininta in rubuta a fayil kafin ta shiga ganin likita.