Talata a ƙofar filin 'yan gwangwan

Tun ƙarfe bakwai muka ɗora akwatin a bayan a-kori-kura, ni da abokin aikina, muka nufi filin 'yan gwangwan da ke gab da babban juji. Wata biyar muna haɗa na'urar nan ta gano tururin nukiliya a cikin lodin ƙarafa a ɗakin gwaji, sai yau ta fara shan ƙura. Zuciyarta wani dunƙulen ƙarau ne da bai wuce gwangwanin madara ba, an rufe shi ruf saboda ba ya shiri da laima. Duk sa'ad da tururin nukiliya ya ratsa shi sai ya yi ɗan walƙiyar da ido ba ya gani, wani bututu a bayansa ya mai da walƙiyar lantarki, kwamfuta ta ƙirga. Idan ƙirgen ya zarce na kullum, sai ƙararrawa ta tashi.

Alhaji mai filin ya tarbe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo shayi, sannan ya ce, "Injiniya, shekara talatin ina wannan sana'a ban taɓa ganin abin da kuke nema ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai matsalar ke nan. Ba a ganin sa, ba a jin warinsa." Daga nan na ba shi labarin Goiânia, labarin da ya sa na rungumi wannan aiki.

A watan Satumban 1987, a wannan birni na Brazil, wasu mutum biyu masu tsintar ƙarfe suka shiga wani asibitin gashin ciwon daji da aka ƙaurace masa, suka kwance kan injin, suka fasa, suka sayar wa wani ɗan gwangwan. Da dare mutumin ya ga wani gari a ciki yana shuɗin haske, ya burge shi, ya kai gida, ya rarraba wa dangi da abokai. Siziyom-137 ne, sinadari mai fitar da tururin nukiliya. Mutum huɗu suka rasu, har da yarinya 'yar shekara shida da ta ci abinci da garin a hannunta, da matar ɗan gwangwan ɗin, wadda ita ce ta gane cewa abin nan ne ke kwantar da su, ta ɗauke shi a bas ta kai ofishin lafiya. An auna mutane wajen 112,000, aka sami 249 da burbushin a jikinsu ko tufafinsu. Alhaji ya ajiye kofinsa, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce a kawar da kekunan da ke bakin ƙofa mu kafa sandar na'urarmu.

Da farko komai ya tafi daidai. Muka bar ta rabin awa tana koyon tururin wurin, domin ƙasa da duwatsu da bulo duk suna fitar da nasu ɗan kaɗan tun fil azal. Sai babbar mota ta farko ta shigo, ƙirgen ya sauka maimakon ya hau, saboda jikin motar ya tare tururin ƙasa. Na karanta wannan a littafi, amma ganinsa a allo ya tayar min da hankali: ɗan abu mai haɗari da ke binne a tsakiyar lodi, cikin kwanson dalmarsa, zai iya ɓuya a cikin wannan saukar. Ga shi kuma duk ninkin tazara, ƙarfin tururin rubu'i yake komawa. Dole mota ta matso, ta kuma wuce a hankali, direbobi kuwa sauri suke yi.

Wajen sha ɗaya da rabi ƙararrawa ta tashi. Gabana ya faɗi. Ashe tifar tsakuwa ce za ta gidan maƙwabta ta tsaya kusa da sandar. Bayan azahar ta sake tashi sau biyu ba mota ba mutum. Zafin rana ne ya gasa akwatin har ma'aunin ya goce. A karo na uku Baba maigadi ya taso ya ce, "Ɗana, in haka za ta riƙa yi, wallahi kuna tafiya za a zare wayarta." Gaskiyarsa. Ni dai a ganina wannan ne ainihin aikin: na'urar da ke kuka a kan tsakuwa da buhun takin zamani, ranar da abin gaske ya zo ba wanda zai waiga. Tana bukatar ta san bambanci, domin aidin-131 da kan biyo sharar asibiti cikin kwana 8 ƙarfin tururinsa ke raguwa da rabi, kobalt-60 shekara biyar da 'yan watanni, siziyom kuwa shekara 30. Kowanne da irin sawunsa, kuma ƙarau ɗinmu na iya karanta sawun idan muka gyara lissafin.

Na san irin wannan ƙofa tana ceton rai. A 1984 motar rodi ce ta gifta kusa da ma'aunin tururi na cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka, daga nan aka gano cewa an narkar da kobalt cikin ƙarfe a Meziko. Amma abin da ya tsaya min a rai yau wani yaro ne ɗan bola jari, bai fi shekara goma sha biyu ba, da ya zo da buhu a kafaɗa da maganaɗisu ɗaure a igiya. Ya juye kayansa a sikeli da hannu tsirara, akwai yanka a babban yatsansa ya naɗe da tsumma. Duk abin da zai iso ƙofarmu, ta hannun irinsa ya fara bi, wataƙila ma ya kwana a ɗakinsu. Na nuna masa hoton alamar gargaɗin tururin nukiliya, mai kama da fanka a kan ruwan ɗorawa, na ce in ya gan ta a jikin ƙarfe, ko ya tsinci ɗan abu mai nauyin da ya fi girmansa, kada ya fasa, ya ja baya ya kira babba. Ya ce, "To Yaya, in na bari wa zai biya ni kuɗinsa?" Na rasa amsar da zan ba shi.

Kafin mu tashi na rubuta wa Alhaji a takarda cewa idan ta taɓa tashi da gaske, a killace motar, kowa ya nisanta, a kira NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Nijeriya. Mun dawo bayan magariba. Gobe zan nemo kafinta ya yi wa akwatin rumfa, in kuma buga hoton alamar guda ashirin in kai wa yaran.