Godiya Bayan Kare Kundina

Alhamdu lillahi. Jiya da azahar malamai suka sa hannu, yau ga ni a Daura a ɗakin Inna, ƙafafu a kumbure, waya cike da saƙonnin da na kasa amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ku yi mini afuwa. Wanda ya bi ni cikin shekara ukun nan ya san wuyar da aka sha, ba sai na maimaita ba. Dare ɗaya kawai nake son in ba ku labarinsa.

Aikina a kan fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda ake kira monosait, masu haɗiye duk baƙon abin da ya kutso cikin jiki. Haɗiyar nan ba da ka ake yinta ba, sai da aike. Da ƙwayar ta taɓa baƙon, wasu 'yan maƙalai da ke jikin fatarta sai su cafke shi su aika ciki. Sinadarin Syk ya farka, kalsiyam ya kwararo daga rumbunsa, zaren aktin ya taru ya tura fatar ta miƙe kamar hannu biyu, ta rungume baƙon ta ƙulle shi cikin 'yar jaka. Sannan wani sinadarin, PKC, ya taimaka a tada injin da ke zuba guba cikin jakar. Tun a shekarun 1990 masu bincike a Turin ta Italiya suka nuna cewa idan abin da ta haɗiye hemozoyin ne, wato baƙin garin da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke bari bayan ta ci jan jini, sai ta kasa narkar da shi, PKC ya yi sanyi, gubar ta ragu. Ni kuma na ƙudura sai na ga haka da idona a jinin mutanenmu, a nan inda kowace damina take cika gadajen asibiti da yara.

To, a watan Agusta ne, ana tafka ruwa a Katsina. Ƙwayoyin da na tace daga jinin mutum goma sha biyu suna cikin akwatin ɗumi, wanda dole ya zauna a ma'auni 37, daidai zafin jikin mutum. Kuɗina duka sun tafi wajen sayen sinadarai, babu na sake wani zagayen. Ƙarfe sha ɗaya na dare aka ɗauke wuta, babban janareta kuma ba mai. Ina haska ma'aunin da fitilar waya ina kallon yana sauka, 36, 35. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka.

Sai ga hasken tocila a bakin taga. Baba Maigadi ne. Ya ce, "'Yata, lafiya?" Na ce, "Baba, aikin shekara biyu ne zai mutu da sanyi." Bai tambaye ni ko mene ne ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya hau kekensa cikin ruwan nan. Kafin awa ɗaya ya dawo a jiƙe sharkaf, shi da surukinsa mai shagon aski, ɗauke da ƙaramin janareta da galan ɗin man da ya saya wajen 'yan bumburutu da kuɗin aljihunsa. A kan benci ya kwana kusa da injin yana ƙara mai har aka kira asuba.

Da gari ya waye na zuba musu rinin NBT, mai launin ɗorawa, wanda ke komawa shuɗi mai duhu idan gubar ta fito. Ƙwayoyin da ba su ci komai ba suka yi shuɗi tsaf. Waɗanda suka cika ciki da baƙin garin kuwa, shuɗin da ƙyar ya nuna. Na kira Baba na ce ya leƙa madubin ƙara girman ƙwayoyi. Na ba shi labarin Mecnikof, Baturen Rasha da ya soka ƙayar fure a jikin ɗan tsakon wata halittar teku a 1882, washegari ya tarar ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe. Baba ya daɗe da ido a kan madubin, sannan ya ɗago ya ce, "Ikon Allah. Duk wannan a cikin jikina yake?" Na miƙa masa kuɗin mai, ya ɓata rai. Ya hana in ambace shi, amma Baba ka yi haƙuri, na ambata. Allah Ya haskaka kabarin iyayenka, Ya kai ka Makka, Ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka.

Malamina da ya karanta kundin nan sau huɗu da jan biro, Allah Ya ƙara ɗaukaka. Mutum goma sha biyun da suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu ba tare da sun nemi ko sisi ba, Allah Ya ba ku lafiya mai ɗorewa. Inna, wadda ta yaye mini yarinya ta riƙe ta wata takwas, ba ni da bakin gode miki. Allah Ya ba ki Aljanna Firdausi. Na san ba a saba mace ta yabi mijinta a bainar jama'a ba, amma Abban yara ya sayar da babur ɗinsa saboda karatun nan, kuma sai na faɗa.

Akwai 'yan uwan da na zuba ido jiya ban gani ba, ko waya ba su buga ba, alhali daga Daura zuwa Katsina ba ta kai tafiyar awa biyu ba. Abin ya sosa mini rai, amma na bar shi. Ƙofa a buɗe take.

Walima ranar Asabar bayan la'asar, a gidan Inna. Baba Maigadi, Abban yara zai zo da mota ya ɗauke ka, kai da surukin naka.