Keta, garin da teku ke ci ta gaba, tabki na ciyar da shi ta baya

Duk wanda ya taso a Accra, babban birnin Ghana, ya san 'yan ƙananan busassun kifin nan da ake kira Keta school boys, mun ci su a shito (miyar barkonon Ghana) da miyar kuɓewa har ba iyaka, amma ƙalilan ne cikinmu suka taɓa taka garin Keta da ƙafarsu. In ka kama hanyar Aflao ka haye gadar Sogakope sai ka karkata dama a Dabala, daga nan ka yi ta tafiya ka wuce Anloga, can za ka ga ƙasar tana ta tsukewa tana tsukewa har ka isa inda in ka waiga dama teku ce, in ka waiga hagu tabki ne wanda da ƙyar kake hango ƙarshensa, mutane kuma ga su nan a tsakiya kan ɗan siririn yashi suna ta harkokinsu hankali kwance.

Mutanen Anlo ne, wani reshe na ƙabilar Ewe. Labarin da suke bayarwa shi ne kakanninsu sun gudo daga Notsie, cikin Togo ta yanzu, saboda zaluncin sarki Agokoli, wai mata ne suka dinga zuba ruwan wanki a wuri ɗaya jikin ganuwar garin har ta yi laushi aka fasa, da dare suka fice suna tafiya da baya-baya don sawunsu ya rikita masu bin su. Shi ake tunawa a bikin Hogbetsotso duk Asabar ta farkon Nuwamba a Anloga, inda Awoamefia babban sarkinsu yake zama, kuma har yau in ana rawa za ka ga an kwaikwayi tafiyar bayan nan.

A bakin ruwa akwai sansanin Fort Prinzenstein da turawan Denmak suka gina a 1784, nan aka dinga tsare bayi kafin a loda su jirgi, a 1850 suka sayar wa Ingila. Yanzu wani ɓangare ne kawai ya rage, sauran teku ta lashe. Haka ta yi wa garin ma, tituna, shaguna, gidajen attajiran da, duk suna ƙarƙashin ruwa, tsofaffi sai su nuna maka can inda igiyar ruwa ke fashewa su ce nan ne unguwarmu.

Sai dai ni a ganina ana ɗora wa teku laifin da ba nata kaɗai ba. Keta fa tashar jiragen ruwa ce a da, kasuwarta ta yi suna, kamfanonin turawa na da rumbuna a ciki. Da aka buɗe tashar Tema a 1962 ciniki ya koma can, sannan ga dam ɗin Akosombo da aka gama a 1965 ya tare yashin da kogin Volta ke kwasowa zuwa gaɓa, to yashi baya zuwa, ruwa kuma bai fasa ɗiban wanda ke nan ba, me kake tsammani? Sai wajen 2004 aka kammala aikin jibge manyan duwatsu don kare gaɓar, ya taimaka gaskiya, amma zaizayar ta matsa gabas ne kawai, a Nuwamban 2021 ruwa ya sake shiga gidajen dubban mutane a yankin.

Abun da ya fi burge ni shi ne yadda suke cin arzikin wannan yashin. Wajen Anloga za ka ga gonakin ƙananan albasa a jere, fari fat ɗin yashi ne fa, amma da taki da 'yan gajerun rijiyoyi suke fitar da amfanin da ake kaiwa har kasuwannin Accra. Da rani in tabkin ya ja baya mata su shiga kwasar gishiri. Maza kuma a bakin teku su yi layi suna jan taru da waƙa, aikin awanni, mata na jira da robobi su saya su kai wajen banda. Abincin dare akple ne, tuwon masara kenan, da miyar kuɓewa da ƙaguwa, barkono kam sai ka shirya.

Ƙarshen mako kuwa na jana'iza ne. 'Yan garin da ke Accra da Tema da Lome har da na turai duk sai su taho, a kafa rumfa, a buga agbadza, kiɗan gargajiyarsu, tsohuwa mai shekara tamanin ta tashi tana karya kafaɗa ka rantse yarinya ce. Gida da yawa a rufe suke sai irin wannan ranar ake buɗe su, Litinin na yi motoci su kwashe kowa. Maganar gina musu sabuwar tashar jirgin ruwa kuwa an daɗe ana yinta, duk zaɓe sai an taso da ita, matasan garin dai har yanzu Tema suke tafiya neman aiki.