Abin da fayil ɗin .mov ya koya mini kafin in bar sitidiyo

Ranar Alhamis na miƙa makullin ɗakin edita bayan shekara tara. Yaran da na bari sun ce in rubuta musu wani abu, ni kuma duk inda na juya tunanina sai ya koma watan Afrilun 2018. Waɗanda muka yi zama tare sun san labarin, amma ta bakin oga suka ji shi.

Azumi ya kusa, kuma kun san yadda wurin ke zama a irin wannan lokaci: kowa na son tallarsa ta fita kafin a ga wata. Wani babban kwastoma ya kawo aikin tarihin kamfaninsa, minti shida, da tsofaffin bidiyoyin da aka ɗauka tun wajen 2004, suna kan faifan CD guda uku a cikin leda. Na kwashe mako biyu ina jera su a After Effects, manhajar kamfanin Adobe ta haɗa bidiyo da zane mai motsi, ina ɗora rubutu mai motsi, ina gyara launi. Saura kwana huɗu a miƙa, oga ya leƙo ya ce ya ji sabuwar manhaja ta fi sauri wajen fitar da aiki, a sabunta yau. Na ce, "Oga, a bari mu gama wannan tukuna." Ya ce shi ke biyan kuɗin lasisi. Na yi shiru na danna.

Washegari da na buɗe aikin, duk inda tsohon bidiyo yake sai ga waɗannan zane-zanen launuka a tsaye, irin wanda talabijin ke nunawa idan an rufe tasha. Rubutuna na nan yana shawagi lafiya lau a kan babu komai. Fayilolin suna cikin jakarsu, ban goge ko ɗaya ba, sunansu bai canza ba, amma manhaja ta ce ba ta san su ba.

Sai da na ɓata yini guda kafin na gane. Ni a lokacin, duk fayil mai .mov a ƙarshe abu ɗaya ne a wurina. Ashe .mov kwano ne kawai, abin da aka zuba a ciki shi ne kodek, wato salon da aka matse hoton da shi. Namu da Sorenson aka matse su, wani tsohon salo na zamanin QuickTime 7, manhajar Apple ta kunna bidiyo. Tun a 2016 Apple ya daina kula da QuickTime na Windows, har hukumomin tsaron intanet na Amurka suka shawarci mutane su cire shi saboda ɓarakar da aka gano. Adobe kuma ya sanar cewa zai daina dogaro da shi, kuma a sigar 15.1 ta After Effects, wadda na sabunta zuwa gare ta, ya cika alkawari: Sorenson da Cinepak da ire-irensu suka fita. An rubuta, an buga, ni ne ban karanta ba. Wannan kason laifin nawa ne kuma na ɗauka. Haka nan ban cire alamar da ke cewa a goge tsohuwar siga ba lokacin sabuntawa, don haka babu inda zan koma cikin sauri, ga intanet ɗin ofis da sai ka yi sallar la'asar ka dawo bai gama sauke abu ɗaya ba.

Abin da ban ɗauka ba shi ne abin da ya biyo baya. Kwastoma ya zo duba aiki, oga ya nuna ni da baki ya ce, "Alhaji, yaron nan ne ya taɓa abin da ba a sa shi ba." Ina zaune a wurin. Ban ce uffan ba, don ba a musu da babba a gaban baƙo. Ƙarshen wata aka yanke mini kashi ɗaya cikin huɗu na albashi, wai kuɗin man janareta na dararen da na kwana ina gyara.

Dare biyu ne. Wani abokina da ke harkar manhaja ya nuna mini FFmpeg a waya, manhajar juya bidiyo daga wani salo zuwa wani, abin da ba shi da maɓalli ko ɗaya, baƙin allo ne kake rubuta umarni. Kyauta ne, kuma yana karanta Sorenson ba gardama. Na mayar da bidiyoyin zuwa ProRes, kodek ɗin da sabuwar sigar ke karantawa, ɗaya bayan ɗaya, guda talatin da bakwai, ina haɗa kowanne da gurbinsa. Fayil ɗin da a da bai cika cokali ba ya kumbura ya cinye faifan ajiya, sai da na kwashe hotunan bikin ƙanwata don a samu wuri. Aikin ya fita ranar da aka yi alkawari. Oga ya karɓi godiya, har da kwalin dabino.

Daga nan na zama mutumin da ake yi wa dariya a ofis. Ba na sabunta komai ana tsakiyar aiki, ko wa ya ce. Duk bidiyon da ya shigo sai na buɗe shi da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, na ga abin da ke cikin kwanon kafin ya taɓa aikina. Abin da za a ajiye na shekaru, musamman tambari mai motsi da ba shi da bango, ina fitar da shi hoto-hoto a jeren PNG, don hoto ba ya jiran wani kamfani ya ba shi izinin buɗuwa. Umarnin da aka ba ni da baki kuma, ina maimaita shi a WhatsApp: "Oga, kamar yadda ka ce, zan yi kaza." Ya tsani wannan ɗabi'a, ni kuwa ban fasa ba.

Da macOS Catalina, sabon tsarin kwamfutocin Mac na Apple, ya fito a 2019 ya daina karɓar tsofaffin manhajoji masu bit 32, QuickTime 7 ya mutu a Mac ma. Sitidiyoyi biyu da na sani suka shiga irin ramin da na faɗa. Namu ko gezau, domin na riga na juya duk tsohuwar ma'ajiyarmu a lokutan da babu aiki, ba tare da an sa ni ba. Ba wanda ya lura, tunda babu abin da ya lalace.

Sauran shawarwarin ba su da yawa. Kada ku saba da maɓalli, don yana iya ɓacewa: kodek ɗin H.264 ya ɓace daga layin fitar da aiki na After Effects a 2014, muka koma bi ta Media Encoder, wata manhajar Adobe ta fitar da bidiyo, sai a ƙarshen 2022 ya dawo. Ku riƙe asalin faifan kwastoma ko da kun juya shi. Ku ci abinci kafin ku fara aikin dare.

Tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina, mai takarda manne da salatif an rubuta "kada a haɗa da intanet", tana ɗauke da tsohuwar siga don ranar da wani zai sake kawo CD a leda. Na ji oga yana tambayar nawa za ta yi a kasuwar Farm Centre. Lambar sirrinta na cikin aljihun tebur na biyu, idan kun riga shi.